Zangon Gadarif

Direba ya kashe mota, ya faɗi abin da ba mu ji ba,
amma hannunsa ya fassara mana:
kwari ya cika, gada ta nutse,
yau babu mai ƙetarawa.

Da hantsi muka baro Hartum, jirgin Sawakin sai jibi.
Takardunmu a leda, ledar a ƙugu,
guzuri a ƙidaye kamar ƙwayar magani.
Ba mu sa Gadarif a lissafi ba.
Hadari ne ya rubuta ta, shi da ba ya shawara da kowa.

Ƙasar nan baƙa ce, mai riƙo irin na mai bin bashi.
Taku uku Tasi'u ya yi, ta ƙwace masa takalmin hagu.
Ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe yana ihu,
Barira na dariya har da riƙe ciki.
Babansu ya naɗe hannun riga, ya laluba cikin laka,
ya fito da takalmin wata yarinya daban,
ja, mai fure,
wanda ya riga namu nutsewa.

Muka fake a rumfar mai shayi.
Ruwa na lugude a kan kwano,
gahawa da citta na tafasa a kan gawayi,
gadon igiya guda ya ɗauki mutum bakwai.
Ummita na tsala kukan haƙori a kafaɗata.
Na ce, "Barira, matso nan, kar ki jiƙe."
Sai tsohuwar ta ɗago daga murhu,
ta dube ni ta cikin hayaƙi:
"'Yar nan, ku mutanen ina ne?"
Da Hausa.
Tsohuwar Hausa irin ta kakata,
Larabci ya bi gefenta kamar zare a bakin mayafi.
Kofin hannuna ya kusa suɓucewa.

Iya Kande sunanta. Ba ta taɓa ganin Haɗeja ba,
amma ta san akwai tsamiya a ƙofar gidansu,
ta san sunan rijiyar unguwa.
Kakanta ya taso da jakuna biyu da niyyar Makka,
damina ta tare shi a nan.
Ya ce bari ruwa ya ɗauke.
Ruwa ya ɗauke, riɗi ya nuna, ya ce bari a yi girbi.
Aka yi girbi, aka yi haihuwa,
aka yanka ragon suna, wata daminar ta kawo kai.
"Ga kabarinsa can bayan tasha,"
in ji ta, tana juya fanke a mai.
"Har yau ruwan bai gama ɗaukewa ba, muna nan muna dubawa."

Barira ta ja mini mayafi:
"Umma, mu ma zama za mu yi?"
Babansu ya yi dariya,
amma na ga ya duba agogo,
ya sake dubawa.

Iya Kande ta karɓi Ummita ba tare da ta tambaye ni ba,
ta goga mata kanumfari a dasashi,
ta goya ta, tana jijjiga tana zuba wa direbobi shayi.
Kukan ya mutu a bayanta.
Tasi'u ya yi barci da takalma biyu da ba su san juna ba.
Ni ban runtsa ba.
Rufin na yoyo cikin wata tasa,
ina ƙirga ɗigo, ina ƙirga shekarun mutumin nan,
lissafin yana kuɓucewa.

Da asuba kwari ya janye, ya bar kara da robobi a kan gada.
Na miƙa kuɗi, ta ture hannuna:
"Kakana ma baƙo ne."
Ta ƙulla riɗi a leda, ta danƙa mini.
"In kin isa, ki watsa wa tantabarun Harami,
ko wani abu na gidanmu ya ƙarasa tafiyar."

Mota ta tashi, laka na bin tayoyi kamar ba ta yafe ba.
Kafin Kasala Tasi'u ya huda ledar,
bakinsa duk riɗi, yana rantsuwa ba shi ba ne.
Na ƙwace, na ƙulle sauran a bakin zani.
Rabi ne, Iya.
Amma yana kan hanya, yana zuwa.